Yadda ake saita bolum daki-daki idan sifikarka mai saurin kamawa ce

Akwai wata matsala da sai wanda ya taɓa haɗa sifika mai saurin kamawa, wato mai yin ƙara sosai da 'yar wuta kaɗan, da amfilifaya mai ƙarfi ne zai gane ta. Bolum yana kan 4 kana ta kasa kunne ba ka ji sosai, ka danna sau ɗaya ya koma 6 sai sauti ya yi maka tsalle a fuska, tsakanin biyun nan kuma babu wurin tsayawa. Da daddare abin ya fi ban haushi, mutane sun kwanta kana so ka ji abu a hankali amma zaɓinka biyu ne kacal, ko shiru ko tashin gida. Masu saka ƙananan iyafis ɗin nan na cikin kunne su ma sun san wannan wahalar, musamman a waya.

Na daɗe ina ɗauka laifin maɓallin bolum ne, ashe ba nan gizo ke saƙar ba. Ƙarfin da ke cikin layin ne ya yi yawa tun daga tushe, shi ya sa kake zaune a can ƙasan ma'auni inda kowane taku ɗaya yake da faɗi. Saboda haka aikin kashi biyu ne: ka fara rage ƙarfin gaba ɗaya da adadi tsayayye yadda bolum ɗinka zai dawo tsakiya, sannan daga baya ka ƙanƙanta takun. Yawancin mutane na biyun kawai suke nema su bar na farko, kuma na farkon shi ne mai muhimmanci.

Bari mu ɗan yi lissafi tukunna, ba mai wahala ba ne

Ana auna saurin kamawar sifika da desibel, wato yawan ƙarar da za ta bayar a nisan mita ɗaya idan an ba ta wat ɗaya ko bolt 2.83. Sifikun gida na yau da kullum suna tsakanin 84 zuwa 88. Masu bakin ƙaho kuwa suna kai 95, 99, wasu har sama da 100, kamar manyan sifikun Klipsch. Ka riƙe abu biyu a kai: ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na wutar da ake buƙata, ƙarin desibel 10 kuma ninki goma ne, kuma a kunne 10 ɗin nan ana jin sa kamar sauti ya ninka sau biyu. Kenan sifika mai 98 tana buƙatar kashi ɗaya cikin goma na wutar da mai 88 take sha don su yi ƙara iri ɗaya.

To yanzu duba abin da ke faruwa. Na'urar DAC, wadda ke juya sautin dijital zuwa wuta, yawanci tana fitar da bolt 2 ta bakin RCA, wato bakin wayar sautin nan mai ja da fari. Amfilifaya da yawa suna ƙara desibel 26 ko fiye, wato ninki ashirin a bolt (lissafin bolt daban yake da na wat, a nan desibel 6 ne ninki biyu), ya zama bolt 40. Bolt 40 ya ɗara 2.83 da kusan desibel 23, ka haɗa da 98 ɗin sifikar, a lissafi 121 kenan idan ka ƙure bolum. Kai kuma abin da kake so da rana bai wuce 85 a ƙololuwa ba, da dare wataƙila 65. Wato kana rage desibel 36 zuwa 56 a kowane lokaci, fiye da rabin ma'aunin bolum ɗinka ba shi da wani amfani a wajenka.

Sannan ga inda abin ya ƙara lalacewa. Lambobin da kake gani na kashi cikin ɗari ba daidai suke tafiya da desibel ba. A Linux misali, tsarin PulseAudio yana sa 50% ya zama ragin desibel 18, 10% kuma ragin desibel 60. Idan ka tashi daga 70% zuwa 75% abin da ya ƙaru bai kai desibel 2 ba, amma daga 10% zuwa 15% ya haura desibel 10, daga 5% zuwa 10% kuwa desibel 18 cur. Taku ɗaya ne fa a maɓalli. Sauran tsare-tsaren lanƙwasarsu ta ɗan bambanta amma halin ɗaya ne, ƙasa gargada sama santsi. Abin da muke nema shi ne taku na desibel 1 ko rabi, don wajen desibel 1 ne kunne yake fara lura cewa an taɓa bolum.

Mataki na farko: gano inda kake zama

Kafin ka taɓa komai, yi kwana biyu kana lura da lambar da bolum yake kai lokacin da sauti ya yi maka daidai, ɗaya na rana ɗaya na dare. Rubuta su. A ce ka samu 25 da 12. Burinka shi ne waɗannan lambobin su koma wajen 75 da 40 ba tare da ƙarar da kake ji ta canja ba. A irin lanƙwasar da na ambata, ragin desibel 18 yana ninka lambar sau biyu, ragin desibel 30 yana ninka ta sau uku da ɗoriya, kenan 25 zai koma kusan 79, 12 ya koma wajen 38. A wasu na'urorin sai ka gwada ka gani, fara da 20 sai ka ƙara ko ka rage.

Mataki na biyu: saurari shirun

Wannan kar ka tsallake shi. Kunna komai, tsayar da waƙar, kai kunnenka kusa da sifika. Kana jin wani huci siii? Yanzu ja bolum na kwamfuta sama da ƙasa. Idan hucin yana nan yadda yake bai damu da bolum ba, to daga DAC ko amfilifaya yake fitowa, kuma babu wata manhaja a duniya da za ta cire shi, don ita manhaja waƙar take ragewa, hucin yana shigowa ne bayan ta gama aikinta. Hasali ma duk lokacin da ka rage a manhaja kusantar da waƙar kake yi da hucin.

Idan haka ne sai ka duba jikin kayan. Amfilifaya da yawa da na'urorin hedfon suna da makunnin gen, wato yawan ƙarfin da suke ƙara wa sauti, mai ƙasa da sama, mayar da shi ƙasa, sau da yawa nan kaɗai ka samu desibel 6 zuwa 12 kyauta. Wasu DAC ɗin ana iya rage musu bolt ɗin da suke fitarwa a cikin saitinsu. In kana amfani da XLR, wato bakin wayar nan mai fil uku, ka sani shi yawanci bolt 4 yake bayarwa, ninki biyu na RCA, desibel 6 kenan a sama. In duk babu wannan, akwai 'yan ƙananan maragai da ake sakawa a bakin wayar RCA ko XLR dab da shiga amfilifaya, ana samun na desibel 10, 12 da 20. Su suna rage waƙar tare da hucin da ya taso daga DAC, amma in amfilifayar ce da kanta mai hucin ba za su yi komai ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Masu iyafis kuma akwai irin nasu da ake sakawa tsakanin waya da iyafis, kamar iEMatch na kamfanin iFi.

Ni ra'ayina, ko da babu huci, gara wani kaso na ragin ya kasance a ƙarfe, wato a jikin na'ura, ba a manhaja ba, zan faɗi dalili a gaba.

Wani abu kuma, idan amfilifayarka tana da abin murɗawa na bolum kuma kullum yana can ƙasa dab da farko, ka lura ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Irin waɗannan mamurɗan sukan karkata hagu ko dama a farkon tafiyarsu. Ragin da za mu yi zai ba ka damar murɗa shi zuwa tsakiya inda ɓangarorin biyu suka fi daidaita.

Mataki na uku: faɗaɗa bit kafin ka rage

Nan ne masu cewa bolum na manhaja yana ɓata sauti suke da gaskiya rabi. Bit shi ne ma'aunin zurfin sautin dijital, kowane bit ɗaya kusan desibel 6 ne. Waƙar CD bit 16 ce, desibel 96 kenan daga sama har ƙasa. Idan ka rage desibel 30 ka ture bit 5, in fitarka tana kan 16 saura 11 suka rage maka, kuma a wuraren da waƙa ta yi laushi za ka iya jin wani ƙaiƙayi. Amma in ka sa fitar a bit 24 kana da rarar bit 8, wato desibel 48 da za ka iya ragewa waƙar bit 16 tana nan da cikarta a lissafi. Abin da zai iyakance ka a nan sai dai hucin na'urar.

A Windows danna maɓallin Windows da R, rubuta mmsys.cpl, zaɓi na'urarka, shiga Properties sannan Advanced, ka zaɓi 24 bit ko 32 in akwai. A Mac buɗe Audio MIDI Setup ka canja a wajen Format. A Linux mai PipeWire yawanci da kansa yake ɗaukar mafi faɗin da na'urar ke karɓa.

Mataki na huɗu: ragi tsayayye

A Windows abin da na fi yarda da shi Equalizer APO ne, kyauta ne kuma yana aiki a kan duk sautin da ke bi ta tsarin. Sauke shi, lokacin girkawa zai tambaye ka wace na'ura, zaɓi wadda sifikar take kai, sake kunna kwamfutar. Sai ka buɗe fayil ɗin config.txt da ke cikin C:\Program Files\EqualizerAPO\config ka share abin da ba ka buƙata ka rubuta layi ɗaya:

Preamp: -20 dB

Da ka yi sebin nan take zai fara aiki, kana iya canja lambar waƙa tana tafiya har ka samu inda ya zauna. Sai dai ka kula, duk manhajar da ta kama na'urar ita kaɗai ta hanyar ASIO ko WASAPI na keɓewa tana zagaye Equalizer APO ne gaba ɗaya, sautin zai fito da cikakken ƙarfinsa. Saboda haka a shafin Advanced ɗin nan da muka shiga ɗazu cire alamar da ke kan Allow applications to take exclusive control of this device. Wannan alamar ba ta shafi ASIO ba, saboda haka in da ASIO kake ko kuma dole sai ka yi amfani da hanyar keɓewa, to ragin sai ka yi shi a cikin filayar kanta.

In ba ka son girka komai, akwai hanya ta talaka, buɗe Volume mixer ka rage bolum na manhajar da kake saurare da ita zuwa 20 ko 30, ka bar babban bolum ya yi aikin yau da kullum. Yana aiki, illarsa kawai duk sabuwar manhajar da ka buɗe ita ba a rage ta ba.

A Mac babu irin wannan a cikin tsarin, ko dai ka rage bolum na cikin filayar ko ka saka manhaja kamar SoundSource ko eqMac. A Linux EasyEffects zai yi, saka ikwalaiza ka rage gen ɗin fitarsa. Masu ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da ke tura sauti kai tsaye ta ALSA, tushen sautin Linux, kuwa su ne suka fi kowa morewa, don akwai softvol inda kai za ka faɗi ƙasan ma'auni da samansa da yawan taku: sa min_dB a -60, max_dB a -20, resolution a 81, ka samu taku na rabin desibel daga farko har ƙarshe kuma ko an ƙure bolum ba zai wuce ragin 20 ba. Sabon bolum ɗin ba ya bayyana a alsamixer sai ka kunna wani sauti ta cikinsa sau ɗaya, kar ka ɗauka bai yi ba.

A wayar Android filaya irin Poweramp tana da Preamp a cikin ikwalaizarta, ja shi ƙasa.

Mataki na biyar: ƙanƙanta takun

Wataƙila zuwa nan ma ka ga matsalar ta tafi, don taku biyu a wajen 60 ba kamar taku biyu a wajen 6 ba ne. In har yanzu kana son ya fi haka laushi, ga yadda ake yi.

Maɓallan bolum na kibod a Windows biyu-biyu suke tafiya. In ka buɗe sandar bolum ka yi amfani da kibiyoyin kibod za ta tafi ɗaya-ɗaya. In kana so maɓallan su koma haka dindindin, saka AutoHotkey na biyu ka rubuta layi biyu:

Volume_Up::SoundSetVolume "+1"
Volume_Down::SoundSetVolume "-1"

Ka sani dai 'yar alamar bolum da ke leƙowa a allo ba za ta riƙa fitowa ba idan ka yi haka, ni bai dame ni ba.

Mac taku 16 yake da shi, amma in ka riƙe Shift da Option tare kana danna bolum kowane taku zai rabu huɗu, 64 kenan. Mutane da yawa sun shekara da Mac ba su san wannan ba.

A GNOME na Linux riƙe Shift ma yana ƙanƙanta takun, ko ka gama da shi gaba ɗaya da wannan:

gsettings set org.gnome.settings-daemon.plugins.media-keys volume-step 1

Amma wanda ya fi shi kyau shi ne ka ɗaura maɓallanka a kan desibel kai tsaye, a saitin gajerun hanyoyin kibod ka saka waɗannan:

pactl set-sink-volume @DEFAULT_SINK@ +1dB
pactl set-sink-volume @DEFAULT_SINK@ -1dB

Da wannan ko kana sama ko kana ƙasa takun faɗinsa ɗaya. Abu ɗaya da za ka kiyaye, pactl ba ya tsayawa a 100%, in ka danne maɓallin zai wuce abinsa.

Wayoyin Android da yawa taku 15 suke da shi na waƙa, wanda gaskiya ya yi kaɗan ga iyafis mai saurin kamawa. Masu Samsung su nemi Sound Assistant, akwai wajen canja faɗin taku, asalinsa yana kan 10, in ka mai da shi 1 kowane dannawa zai zama kashi ɗaya cikin goma na da, sai dai 1 ɗin yana gajiyar da yatsa, 3 ko 4 ya fi daɗi. In ta bulutut kake ji, akwai wata dabara: shiga bayanin waya ka danna Build number sau bakwai, Developer options zai buɗe, nemi Disable absolute volume ka kunna, sai ka kashe bulutut ka sake haɗawa. Yanzu bolum na waya da na sifikar sun rabu, ka ajiye na sifikar a ƙasa ka riƙa wasa da na waya. iPhone taku 16 ne a maɓalli, amma in ka danne sandar bolum a Control Center ta girma za ka iya jan ta a hankali, ko ka ce wa Siri ta sa bolum a kashi kaza cikin ɗari.

Filayoyi ma da yawa suna da nasu. foobar2000 da desibel yake nuna bolum, a mpv kuma kana iya rubuta add volume -1 da add volume 1 a fayil ɗin input.conf ka ɗaura su a maɓallan da kake so.

Mataki na shida: daidaita waƙoƙin kansu

Ko ka saita komai tsaf, in wani faifan tsoho ne mai laushi na bayansa kuma sabo ne da aka matse shi ya cika ƙara, bambancin kan kai desibel 10, hannunka ba zai bar maɓalli ba. Kunna ReplayGain a filayarka, wato tsarin da ke auna ƙarar kowane fayil ya daidaita su, in faifai kake ji daga farko zuwa ƙarshe zaɓi na album don kar ya daidaita waƙar da aka so ta yi laushi da wadda aka so ta yi ƙara. Kar ka manta da wajen ragin fayilolin da ba a auna su ba, sa musu nasu ragin, in ba haka ba su ne za su razana ka. A Spotify kunna daidaita ƙara, in kana da zaɓin Quiet ɗauke shi, shi ma ƙarin ragi ne ka samu a sama.

Mataki na ƙarshe: abin da zai faru ranar da manhaja ta manta

Ga dalilin da na ce wani kaso ya zauna a ƙarfe. Wata rana na sabunta kwamfuta, na kunna amfilifaya kamar kullum ban duba komai ba, ashe ragin da na saka ya fita daga layi, bolum kuma yana can sama inda na saba barinsa. Ƙarar sanarwar da ta fito wallahi sai da na zabura daga kujera, Allah ya taimaka sifikar ba ta samu matsala ba. Ka tuna lissafinmu na farko, 121 ne ke kwance a bayan layin nan ɗaya na config.txt. Ƙa'idar da hukumar NIOSH ta Amurka ta bayar ita ce desibel 85 na awa takwas, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, a 100 minti goma sha biyar ne ya rage maka.

To ka yi haka. Kashe sautukan tsarin gaba ɗaya, a Windows shafin Sounds na cikin mmsys.cpl ka zaɓi No Sounds. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa ta farko a kashewa. Duk lokacin da ka yi sabuntawa, ko ka canja bakin USB ɗin da DAC yake ciki, ko ka saka sabuwar filaya, sauke bolum ƙasa tukunna ka gwada, don kwamfuta tana iya ɗaukar DAC ɗin a matsayin sabuwar na'ura wadda ba a saka mata ragi ba. In tsarinka yana da wajen iyakance ƙarshen bolum, kamar Volumio da moOde da Roon, saka iyakar.

Sannan raba ragin. In desibel 30 kake buƙata, bar 12 ko 20 a makunnin gen ko maragin RCA, sauran ka bar wa manhaja. Gwajin ƙarshe shi ne ka saka waƙar da ta fi kowacce ƙara a cikin tarinka, ka fara daga ƙasa kana hawa taku-taku har 100. In ka kai ƙarshe sautin ya yi ƙarfi amma kana iya zama a ɗakin, ragin ya yi daidai. In tun a 70 ka ji ba za ka iya ba ƙara desibel 6 a ragin ka sake gwadawa, in kuma ka ƙure amma tsofaffin faifanka masu laushi ba su kai yadda kake so ba, mayar da 3 ko 4.